Wardin Uwar Gi-cheol

Ayajin, watan Afrilu, 1983

Bok-rye, 'yar goggona,

Ina gaishe ki. Yaya Busan, yaya kasuwar kifi, yaya gwiwar nan da kike ta mita a kanta tun bara? Ni ina nan yadda kika bar ni. Haƙorina na ƙurya ya faɗi ranar sabuwar shekara ina cikin cin abinci, ban yi kewarsa ba. Bayana yana ciwo in iska ta juyo daga teku, in ta daina ya daina. Kifi ya yi ƙaranci bana. Yaran yanzu sun ce ruwa ne ya yi ɗumi, ni na ce lalaci ne.

Kada ki yi wa rubutuna dariya. Kin san ban taɓa zama a aji ba. Uwar Gi-cheol ce ta koya mini baƙaƙen nan da gawayi a bayan murfin tukunya, kuma ta mutu ba ta gama daidaita mini su ba. Inda bai karantu ba, ki sa kalmar da ta fi zafi, ita nake nufi.

Ga abin da ya sa na ɗauki fensir. Ɗana Gi-cheol ya aiko mini da takarda. Tun da ya tafi aikin ƙera jiragen ruwa can wajenku, sai dai in ji labarinsa a bakin mutane, yanzu kuma da ya tuna yana da uba, bai tambayi bayana ba, bai tambayi rufin ɗakin da ke yoyo ba. Wai in lokacin yankan ciyawar kaburbura ya zo, kafin bikin kaka, za a tone wardin da na dasa kusa da kabarin uwarsa. Wai matarsa ta je wurin mai duba. Wai ƙaya ce take sukar mamaciya.

Ke kin san wardin nan. Ba irin na bakin tekunmu ba ne, mai 'yan ganyen fure biyar da iska ke kwashewa kafin azahar. Nata cikakke ne, ja mai duhu, ƙamshinsa yana riga ka isa ƙofar gida. Yana fure tun farkon zafi, ya huta, ya sake, ya huta, ya sake, har sai sanyi ya ƙone na ƙarshe a kan reshe. Daga gidan ubanta a Tongcheon ta fito da shi lokacin yaƙi, guntun saiwa a cikin jiƙaƙƙiyar safa, a cikin tukunyar shinkafa. Ta bar zannuwanta na aure, ta ɗauko wannan. Yanzu Tongcheon yana can arewa, bayan wayar sojojin kan iyaka, ko tsuntsu sai ya yi tunani kafin ya je. Duk faɗin nan ban ga irinsa a gidan kowa ba. Biyu ne kawai, uwar da ke tsakar gidana, da ɗan da na cira na kai mata tudu bayan mun binne ta, saboda ta ce mini tun da ba za ta ga garinsu ba, a bar ta ta riƙa jin ƙamshinsa.

Ke ce babba a wajen, kuma yana jin maganarki fiye da tawa. Ki kira shi ki gaya masa ban yarda ba. Ki gaya wa matar tasa ma. Wadda ta zo jana'iza ta tafi a motar yamma ba ita za ta gaya mini abin da ke sukar matata ba.

Yayanki,
Tak Pan-sul


Busan, watan Mayu

Yaya Pan-sul,

Takardarka ta iso. Na buɗe na zaci ƙaguwa ce ta yi yawo a kai. Ni da mai sayar da gishiri ta kusa da ni muka haɗu muka karanta, ta ce in gaishe ka, wai da gani kana da daɗin zama. Gwiwata tana nan, ni ma ina nan, muna haƙuri da juna. Ka sa a gyara rufin nan kafin damina, kada ka hau da kanka, ka ji na gaya maka.

To, Yaya, ka yi ta zuba, amma abu ɗaya ba ka tambaya ba: me ya kai yarinyar wurin mai duba? Jikanka Su-gil ne. Tun hunturu yake tari, irin wanda yaro ke yi har leɓensa ya canza launi. Sun je asibiti, an ba da magani, ya lafa, ya dawo. Uwar da ta ga ɗanta yana neman numfashi, ko kututture ne ya ce mata ga dalili, za ta durƙusa ta saurara. Ba muguwa ba ce. Kuma motar yamman da kake riƙe da ita, cikin Su-gil ne da ita a lokacin, tana ta amai. Na gaya maka wannan tuntuni, ka ƙi ji.

Na je gidansu ranar Lahadi. Na ce, "Gi-cheol, ubanka ya ce bai yarda ba."

Ya ce, "Goggo, yaushe Baba ya taɓa yarda da wani abu? Ko ruwan sama sai ya yi masa gardama."

Na ce, "Rufe mini baki, ubanka ne." Amma a raina na ce yaron bai yi ƙarya ba.

Ba zan ɓoye maka ba, abin ya fi yadda ya rubuto maka. Mai duban ba na kabari kaɗai ta ambata ba. Cewa ta yi na tsakar gida shi ne uwar, in ba a kashe uwar ba aikin banza ne. Gi-cheol bai iya rubuta maka wannan ba. Da ake maganar ma tashi ya yi ya fita waje wai zai sha taba.

Yanzu ka saurare ni. Kai ma ka san ba a dasa abu mai ƙaya kusa da kabari. Kowace shekara me ke kai mu tudu da lauje, in ba mu raba mamatanmu da saiwa ba? Da Kawu, mahaifinka, yana da rai ya ga ka kai wa mamaciya ƙaya da hannunka, da sandarsa ta karye a bayan nan naka mai ciwo. Ka saki na kabari. Na tsakar gida kuwa, bar ni da su. Zan bi yarinyar a hankali, ba da irin bakinka ba, in mun ƙare zan rubuto maka yadda muka yi.

Na sa maka safa biyu masu kauri a motar gobe. Ka sa su, ba ajiyewa aka ce ka yi ba.

Ƙanwarka,
Eom Bok-rye


Ayajin, watan Yuni

Bok-rye,

Ina lafiya. Safa sun iso, sun yi mini yawa. Rufin na hau na gyara, ban faɗo ba, sai ki nemi wani abin faɗan.

Ba wanda ya gaya mini yaron ba shi da lafiya. Haka ake yi mini, sai komai ya lalace a ce ni ne ban tambaya ba. Ki gaya wa Su-gil kakansa ya ce ya daina tarin nan, ba gadon gidanmu ba ne. Na ba direban motar Busan kwalba ɗaya, ganyen furen fari na bana ne na jiƙa a zuma, yadda uwar Gi-cheol take yi wa ɗanta yana ƙarami. In uwar yaron tana tsoro ta zubar, amma ta dawo mini da kwalbar.

Maganar Kawunki kuwa, ubana ne kafin ya zama kawunki, kada ki tsorata ni da shi. Wannan mai duban ta taɓa hawa tudunmu? Ta taɓa ganin saiwar wardi? Ba ta nutso ƙasa. A kwance take tafiya, kusa da sama, kamar ɓera a ƙarƙashin tabarma, ta je can ta ɓullo da sabon tsiro. Kuma ban dasa shi a kan kabarin ba, ni ba mahaukaci ba ne. A gangare yake, ta wajen ƙafafunta. Amma na sani, wannan duk ba wanda zai saurara.

Shuka ce da ba ta roƙon kowa komai. Yashi take so, ba ƙasa mai maiƙo ba. Iskar gishirin da ke kashe barkono a rana ɗaya, ita ko a jikinta. Ƙanƙara ta binne ta har wuya, ta fito. Abin da uwar Gi-cheol take yi mata kaɗan ne: kawunan kifi a binne a gindi in sanyi ya wuce, ciyawar teku a lulluɓe in kaka ta yi, tsofaffin rassan da suka yi furfura a yanke su daga ƙasa, ba daga tsakiya ba. Furen da ya yi yaushi a tsinke shi don wani ya fito, na ƙarshe a bar shi ya yi 'ya'ya jajaye. Abin da ya yi haƙuri da mu haka, shi za a ce yana kashe jarirai.

Maganar har ta shiga gari, ban san ta bakin wa ba. Kin tuna Ham, maƙwabcina? Wanda saiwar ta bi ta ƙarƙashin katanga ta fito masa a cikin kabeji shekarun baya, ya sare da lauje ya jefo mana ta kan katanga a gaban idonta, har ta yi kuka? Tun ranar ban ƙara ce masa ko sannu ba. Shi ma ba ya yi mini magana. Da karensa yake yi, da ƙarfi, don in ji. Shekaranjiya ina ban ruwa sai na ji shi:

"Mongsil, ka ji labari? Ƙayar wasu ta kai har Busan tana sukar yara. Mu da kabeji kawai ta ci mana, ashe sa'a muka yi."

Ni kuma na ce wa katanga, "Katanga, kina ƙoƙari. Ni da zan riƙa ganin fuskar da kike gani kullum da safe, da tuni na rushe."

Kin ce in bar ki da su. Na bar ki. Ina jira.

Tak Pan-sul


Ayajin, farkon watan Agusta

Bok-rye,

Ina fata kina lafiya, tun da ba ki ga damar gaya mini ba. Damina ta zo ta wuce. Wardin ya yi fure na biyu, ya fi na fari yawa. Mai kawo wasiƙa yana wuce ƙofata kullum, har ya fara sunkuyar da kai don kada in tambaye shi.

Kin ce za ki rubuto yadda kuka yi. In kun gama yanke hukunci ne kina jin kunyar faɗa, ki faɗa, ni ba yaro ba ne. Ciyawa ta yi tsawo a tudu, mutane sun fara wasa lauje.

Tak Pan-sul


Busan, tsakiyar watan Agusta

Yaya,

Wannan ba hannuna ba ne, matar da ke gadon kusa da ni ce take rubuta mini. Na zame a kasuwa tun watan jiya, na karye a hannun dama da ƙugu, ina asibiti. Kada ka tayar da hankalinka, ina samun sauƙi.

Gi-cheol zai zo ƙarshen wata yankan ciyawa. Zai zo da shebur da buhu. Zai fara da na tsakar gida, sannan ku hau tudu. Na yarda da yadda suka tsara, kai ma ka yarda, kada ka yi masa faɗa. Sauran bayani duk na yi maka a takardata ta baya.

Bok-rye


Ayajin, ƙarshen watan Agusta

Bok-rye,

Sannu da jiki. Na sha gaya miki ki daina sa takalman roban nan a kan jiƙaƙƙen siminti. Ki ci abin da suka ba ki ko ba daɗi. Ki gode wa mai rubutun, hannunta ya fi naki kyau.

Na sake karanta takardarki ta baya kamar yadda kika ce, ta watan Mayu. Na ga bayanin. In ba a kashe uwar ba aikin banza ne. To, na gane. Kin bi yarinyar a hankali har ta bi da ke.

Ki gaya wa Gi-cheol ya bar shebur ɗinsa a Busan, kada ya wahala da kaya a mota. Na gama aikin.

Na yi tunani, yaron nan a gindin wardin nan ya koyi tafiya. In ya sa masa shebur da hannunsa, ni ba zan ƙara iya kallonsa ba, shi ma ba zai ƙara iya kallon tsakar gidan nan ba. Gara ni. Ni dama ba wanda ke son kallona.

Na hau tudu da sassafe da kwalbar giyar soju da busasshen kifi. Na zuba wa aljanin da ke da tudun nasa tukuna, kada a ce na taɓa ƙasa ban nemi izini ba. Sannan na zuba mata nata. Na ce, "Uwar Gi-cheol, ɗanki ne ya ce, ba ni ba. Jikanki ne ke tari. In kina da magana ki same su a Busan." Na tone shi, na ƙone a wurin, tun da abin da ya fito daga kabari ba ya shiga gida. Saiwarsa ko kusa da ita ba ta je ba, gangare ta bi, yadda na faɗa. Ki gaya wa mai duban.

Na gida ya fi wuya. Ya ci mini yini biyu da fatar hannu. Na bi saiwar duk inda ta je, har gindin katanga, na tace yashin da rariya don kada in bar guntun da zai tsiro ya sa a dawo mini da shebur baɗi. Yana cike da fure lokacin. Na tura shi a murhun ɗumama ɗaki, reshe bayan reshe. Ɗanye ne, hayaƙi ya cika unguwa, ɗaki ya yi zafin da ba a iya taka shi.

Ham ya ce, "Mongsil, wani ya hura wutar ɗaki a tsakiyar zafi. Ko ya fara gasa kansa ne tun kafin a kai shi can?"

Sai na ga kansa ya leƙo ta kan katanga. Ya ga ramin. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya sauka. Tun da na san shi ban taɓa ganin bakinsa a rufe ba sai ranar.

Yanzu ba sauran abin da zai soki kowa. Ina fata yaron ya warke.

Tak Pan-sul


Busan, farkon watan Satumba

Yaya,

Da hagu nake rubuta wannan, don ba zan iya sa baƙuwa ta rubuta abin da nake so in kira ka ba. Tsohon banza. Tsohon kai kamar dutsen niƙa. Me ka yi?

An sallame ni shekaranjiya. Na tarar da takardunka biyu. Na karanta ta biyun na zauna a ƙasa. Sai na ɗauko rigar kasuwata da na faɗi da ita, na sa hannu a aljihu, ga takardar da na rubuta maka a watan Yuli, da kan sarki a jiki, tana warin kifi. Gidan waya zan je da ita ranar da na zame. Duk zamana a asibiti na ɗauka ta tafi. Wannan ce takardar baya da nake nufi, ba ta Mayu ba.

Ga abin da ke ciki, tun da yanzu ba shi da amfani. Ba wanda zai kashe maka wardi. Da kwalbarka ta iso, Gi-cheol ya buɗe ya shaƙa, sai ga ƙato yana hawaye a gaban matarsa. Ya ba ta labarin safar da tukunyar shinkafa, wanda ashe bai taɓa ba ta ba, don shi ma ɗanka ne. Sai yarinyar ta ce, "To me zai hana mu kawo Mama nan ta ga jikanta?" Ita da bakinta. Aka tsayar za a matsar da na kabari can ƙasa bakin gona don a fita haƙƙin al'ada, na gida kuwa a bar shi, a ciro masa ɗa guda a kawo Busan. Shebur ɗin na wannan ne. Buhun na wannan ne. Har ta sa an haura mata da yashi daga bakin teku zuwa gidansu a kan tudu, a ka, ta cika wani tsohon baho.

Su-gil ya daina tari tun watan Yuli. Likita ya ce maganinsa ne, mai duba ta ce aikinta ne, ni na ce yaro ne ya gaji. Zumar dai ya lashe ta tas.

Me ya hana ka jira 'yan kwanaki? Me ya hana ka je gidan waya ka buga wa ɗanka? Ni na bar takarda a aljihu, na ɗauki nawa. Kai fa?

Sun ɗaga tafiyar saboda sallamata, zai zo Asabar mai zuwa. Ban gaya masa ba. Na kasa. Kai za ka gaya masa.

Bok-rye


Ayajin, watan Oktoba

Bok-rye,

Ina gaishe ki. Rubutunki na hagu da nawa yanzu ba wanda zai yi wa wani dariya. Yaya ƙugun? Ni bayana ya tashi, hannuna ya warke. Sanyi ya fara shigowa da safe. Na sa safar.

Zagin da kika yi mini na ajiye, za mu yi maganarsa in kin warke. Da kin sayi jaka kamar kowace mace kin daina cusa takardu a aljihu, da ba a yi haka ba.

Gi-cheol ya zo. Ya shigo da shebur a kafaɗa, da buhu, da jiƙaƙƙiyar ciyawar shinkafa a ciki. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya juya, ya ga ramin.

Ya ce, "Baba, ina yake?"

Na ce, "A murhu."

Ya ce, "Duka?"

Na ce, "Ka taɓa ganin na yi rabin aiki?"

Bai yi mini tsawa ba. Da ya yi da ya fi. Ya ajiye shebur ya shiga ramin da takalmansa na birni, yana tona yashi da yatsu, ko zai sami guntu. Na ce masa na tace. Bai daina ba. Na tsaya a kansa ban san inda zan sa hannuwana ba.

Muna cikin haka sai murya daga bayan katanga.

"Mongsil! Je ka gaya wa yaron nan Gi-cheol, yaron na ce, ba tsohon ba, ya zo da shebur ɗinsa ya rage mini masifar nan ta uwarsa da ke bayan randunan daddawa. Ta hana ni wucewa."

Gi-cheol ya fita da gudu. Ni ma na bi shi, ba don komai ba, don kada ya yanke saiwa ba daidai ba. Rabona da tsakar gidan Ham tun karen nan bai zo duniya ba.

Bok-rye, yana nan. A lungu, bayan randuna, inda ba a hangowa daga gidana. Ya kai mini ƙirji. Ja mai duhu, cikakke, fure da 'ya'ya a reshe ɗaya yadda yake yi in kaka ta yi. Nata ne, ko da ido rufe na san ƙamshin.

Ham yana tsaye yana kallon sama. Ya ce, "Mongsil, shekara da shekaru ina sare abin nan ya ƙi mutuwa."

Na duba gindin. An lulluɓe da ciyawar teku. Tsofaffin rassa an yanke su daga ƙasa, ba daga tsakiya ba.

Na ce, "Mongsil, tambayi maigidanka, a garinsu da ciyawar teku ake kashe shuka?"

Ya ce, "Mongsil, gaya masa ita ta ce a riƙa zubawa. Ta kan katangar nan ta gaya mini, shekarar da ya tafi kamun kifi tsibirin Ulleung. Ta ce in bar guda ɗaya, don mijinta mutum ne da wata rana zai yi fushi ya yi abin da ba ya gyaruwa."

Gi-cheol ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Na ɗauka kuka yake. Dariya ce, ɗan banza.

Kin ji fa. Ni ina nan ina gaba da mutum saboda ita, shekara da shekaru, ko gaisuwar sabuwar shekara ban yi masa ba, ashe ita tana hira da shi ta kan katanga, har tana ba shi labarin halina. Da muka hau tudu washegari muka yanke ciyawa, na bari Gi-cheol ya yi gaba, na gaya mata ban ji daɗi ba. Ba mu gama maganar ba ni da ita.

Ni na ciro ɗan da hannuna, mai saiwa mai kyau. Ban yarda da buhun ba. Na jiƙa ɗaya daga cikin safar da kika aiko na sa shi a ciki, shi ya sa ƙafa ɗaya kawai nake sa wa safa yanzu, ki aiko da wata. Ki gaya wa uwar Su-gil: ta huda gindin bahon nan. Kada ta shigar da shi ɗaki in sanyi ya zo don tausayi, a waje zai kwana. Kada ta fesa masa komai. Kawunan kifi kuwa ke ce da kasuwa, kada in ji an ce an rasa. Ki ce mata kuma ta riƙe kwalbar, za ta buƙace ta baɗi. Ki ce ina gaishe ta.

Gi-cheol ya ce a ciro mini wani in mayar a ramin. Na ce ban roƙi kowa komai ba. Da muke fita Ham ya ce, "Mongsil, bana daga wajenmu saiwar za ta bi ta ƙarƙashin katanga. Mu ga ko wani zai sare ya jefo mana." Na ce, "Mongsil, gaya masa abin da ya shigo gidana nawa ne."

Na cike ramin da yashi. Na binne kawunan kifi a gindin katanga, ta ɓangarena, tun daga wajen rijiya har daidai randunansa. Kada ki ɗauka wani abu ne. Wari suke yi mini a kwandon shara.

Yayanki,
Tak Pan-sul